Daga Burmi Zuwa Burma

Wasali ɗaya tak ya raba sunan Burmi da na Burma, shekara 40 kuma ta raba labarinsu. Burmi tana nan ƙasarmu ta Gombe, daura da Bajoga, inda ran 27 ga Yuli 1903 rundunar Nasara ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya tare da ɗaruruwan mutanen da suka biyo shi hijira. Burma kuwa tana can gabas da Indiya, ƙasar dazuzzuka da duwatsu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, inda daga 1943 aka shiga jigilar 'ya'ya da jikokin waɗanda aka ci da yaƙi, domin su tare wa wanda ya ci su faɗa. Ɗaliban wannan sashe sun san sunan farko, ko da dai sau da yawa sanin shanu ne. Na biyun kuwa sai dai a bakin tsofaffi, in an tuna da wani marigayi a ce ai wane ya je yaƙin Burma.

Labarin da aka saba ba mu game da wannan yaƙi gajere ne, mai daɗin ji. An ce Hitila ya tashi zai bautar da duniya, Japan ta mara masa baya, sai Ingila ta yi kira, talakawanta na kowace nahiya suka amsa, aka gwabza, Jamus ta faɗi a watan Mayu 1945, Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, kowa ya kama hanyar gida da lambar girma a ƙirji. Wannan shi ne abin da ake maimaitawa a jawaban ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta 15 ga Janairu, shi ne kuma ke cikin littattafan da muke ba yara. Mu kuwa muna cewa an datse labarin ne daidai inda ya fara tona asiri. Wanda yake son ya san abin da sojan mulkin mallaka yake a wurin mai shi, to kada ya tsaya a ranar da igwa ta yi shiru, ya bi sawun watanni 15 da suka biyo baya, daga Agusta 1945 zuwa Nuwamba 1946, ya ga inda aka tura wa, da inda aka ajiye wa.

Bari mu fara da Indiyawa, domin su aka fi mora. A ƙarshen yaƙin, rundunar Indiya da ke ƙarƙashin Ingila ta kai mutum miliyan 2 da rabi. Da Japan ta sauka, sai ya zamana ƙasashen da ta ƙwace daga hannun Turawa sun zauna babu mai riƙo. Faransa ba ta da ƙarfin komawa Biyetnam da kanta, Holan ma ba ta da ƙarfin komawa Indunusiya, don su biyun ba su daɗe da fita daga ƙangin Jamus ba. Mutanen waɗannan ƙasashe kuwa ba su jira kowa ba. Sukarno ya yi shelar 'yancin Indunusiya ran 17 ga Agusta 1945, Ho Chi Minh ya yi ta Biyetnam ran 2 ga Satumba. A nan ne Ingila ta shigo da uzuri mai kyan gani, wai za ta je ta karɓi makaman Japanawa, ta kuma saki fursunonin yaƙi. Aikin gaskiya ne, ba mu musa ba, akwai dubban mutane a tsare cikin yunwa da cuta. To amma a dubi abin da aka yi a ƙarƙashin inuwar wannan uzuri.

Manjo-Janar Douglas Gracey ya sauka Saigon ran 13 ga Satumba 1945 da runduna ta 20 ta Indiya. Cikin kwana goma ya kafa dokar soja, an damƙa wa fursunonin Faransa makamai, su kuma suka wayi gari ran 23 ga wata suka fatattaki hukumar 'yan ƙasa daga ofisoshin birnin. Da wuta ta kama, kuma sojojin Gracey suka kasa wadatarwa, sai aka umarci sojojin Japan, waɗanda aka zo karɓe wa makamai, da su riƙe bindigoginsu su taya murƙushe 'yan Biyetnam. Mai karatu ya tsaya ya auna wannan. Abokin gaban jiya, wanda aka ce wa yaron Tangale da na Punjab shi ne shaiɗanin duniya, ya zama abokin aiki cikin wata guda, da zarar talakan da ake mulka ya ɗaga kai. Kafin tsakiyar 1946 an miƙa wa Faransa kudancin ƙasar, Indiyawa suka fice, suka bar garwashin da ya yi shekara 30 yana ci.

Na Indunusiya ya fi muni. Ran 25 ga Oktoba 1945 birged ta 49 ta sojojin Indiya ta sauka a birnin Surabaya, ƙarƙashin Birgediya Mallaby. Kwana uku kafin nan malaman ƙungiyar Nahdlatul Ulama, bisa jagorancin Shaihu Hashim Ash'ari, sun riga sun ba da fatawar cewa kare 'yancin ƙasar jihadi ne. Faɗa ya ɓarke, aka kashe Mallaby ran 30 ga wata, sai Ingila ta turo runduna ta 5 ta Indiya, ran 10 ga Nuwamba aka buɗe wa birnin wuta ta ƙasa da ta sama da ta teku. An yi mako uku ana ɗauki ba daɗi, titi-titi, gida-gida. Dubban 'yan Indunusiya suka mutu, da yawansu ba su riƙe da komai sai gora mai tsini. Har yau ran 10 ga Nuwamba ita ce ranar jarumai a ƙasar. A watan Disamba kuma aka ƙone garin Bekasi don ramuwar gayya. Da yawa daga cikin sojojin Indiya da aka sa wannan aiki Musulmi ne, suna harbi suna jin kabbara daga ɗaya ɓangaren, har ɗaruruwa daga cikinsu suka sulale da bindigoginsu suka koma wajen waɗanda aka aiko su su kashe. Sai a Nuwamba 1946 sojan Ingila na ƙarshe ya bar Indunusiya, bayan 'yan Holan sun sami wurin sa ƙafa.

Ba nan kaɗai ba. Runduna ta 4 ta Indiya ta zauna a Girka daga ƙarshen 1944 har cikin 1946, ana riƙe wa ɓangare ɗaya na rikicin cikin gida ƙafa. An kai wata birged ta Indiya Japan a 1946 don aikin mamaya. Duk inda Ingila take da bashi ko buƙata, da jinin Indiya ta biya. Nehru da 'yan'uwansa sun yi ta kururuwa a kan haka, amma a lokacin wuƙa da nama ba a hannunsu suke ba.

Za a ce mana, to mu ina ruwanmu? Ba a kai Bagombe Surabaya ba, ba a kai Bakatsine Saigon ba. Gaskiya ne. Amma mu da muke zaune tafiyar sa'o'i kaɗan daga Burmi, bai kamata a ce sai an fassara mana Surabaya ba. Su wa suka riƙe bindigogin da aka harba a Burmi? Turawan da ke wurin 'yan ƙalilan ne, hafsoshi da sajoji, cikinsu har da Manjo Marsh wanda kibiya ta kashe a ranar. Ragowar rundunar baƙaƙen fata ne, Hausawa da Yarabawa da sauran ƙabilu, waɗansunsu masu salla, suna jin kabbarar mutanen Attahiru kamar yadda Musulmin Punjab ya ji ta mutanen Surabaya bayan shekara 42. Hasali ma tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover a Ikko, aka yi amfani da su a kan Asante. Dabarar ɗaya ce ba ta sake ba, a ci wannan da yaƙi, a sa masa kaki, a tura shi ya ci wancan. Karen farauta ba ya zaɓen daji.

Kuma kada a ɗauka kamannin nan haɗuwa ce ta sa'a. Gwamna Lugga, wanda ya kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858. A Afganistan ya fara jin ƙarar harsashi, ya kuma yi aikin soja a Burma a lokacin da Ingila ke haɗiye ta, tun kafin ya san hanyar Lakwaja. Abin da ya gani ana yi da sojan Indiya da sarakunan Indiya shi ya zo ya dasa a nan. Saboda haka lokacin da jiragen ruwa suka sauke samarinmu a Bombay a 1943, ba baƙon wuri aka kai su ba, makarantar da aka koyo darasin mulkinsu ce aka mai da su.

Yanzu sai mu dawo kan namu. 'Yan Nijeriya sama da 100,000 suka sa kaki a wannan yaƙi, kuma Arewa ce rumbun da aka fi ɗiba, har Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki. Lardin Bauchi, wanda Gombe take cikinsa a zamanin Sarki Abubakar, ya ba da nasa kason ta hanya biyu. Ta farko ita ce soja. Ta biyu kuwa, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 kuza ta yanke wa Ingila, sai aka kafa aikin tilas a ma'adinan Jos, aka riƙa yanka wa larduna adadin mutanen da za su kawo, aka raba manoma da gonakinsu, sanyin dutse da yunwa suka kashe waɗanda suka kashe. Masu jawabi sun fi son kalmar sa kai. Lalle akwai waɗanda suka sa kansu, don albashi, ko don gudun haraji, ko don ƙuruciya mai son ganin duniya. Amma duk wanda ya san yadda umarni ke gangarowa daga Razdan zuwa Di'o, daga Sarki zuwa hakimi, daga dagaci zuwa mai unguwa, ya san ma'anar sa kai a bakin talakan da dogari ke tsaye a ƙofar gidansa.

An kasa su runduna biyu, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta shiga kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai jirgin sama ke jefo musu abinci, 'yan dako kuma, waɗanda yawanci ko bindiga ba a ba su ba, suna ɗauke da harsashi da sassan igwa a ka. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka bi Janar Wingate cikin rundunar Chindit a 1944, can bayan layin Japanawa. Ta 82 ta gangara yankin Arakan, a Janairu 1945 kuma rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung. Ba mu da niyyar rage musu ko ƙwayar zarra daga jaruntakarsu. Sun yi abin da maza ke yi, a dajin da ba su san sunan itatuwansa ba.

Sai Japan ta sauka. Me ya biyo baya? Jira. Runduna ta 81 tana zaune a kudancin Indiya, wajen Madras, mahaifar Lugga, inda aka yi ta shirya ta don mamaye Malaya. Ta 82 tana Burma. Wata ya bi wata, damina ta wuce a gida, kaka ta wuce, wata daminar ta kawo kai, da yawa daga cikinsu ba su ga gaɓar Ikko ba sai cikin 1946. Dalilin da aka bayar shi ne ƙarancin jiragen ruwa, kuma lalle jirage sun yi ƙaranci. Amma ƙaranci shi ke nuna abin da mutum ya fi so, domin mai kwabo ɗaya abin da ya saya shi ne zuciyarsa. An sami jirgin kai runduna guda Saigon cikin makonni. An sami jirgin kai runduna biyu da tankoki tsibirin Jawa. An sami jirgin dawo da sojan Faransa da na Holan su karɓi abin da suke kira nasu. Jirgin mai da ɗan Kaltungo wajen uwarsa ne ya yi wuya. Ashe jiran da namu suka yi da harbin da Indiyawa suka yi a Surabaya lissafi ɗaya ne, a littafi ɗaya aka rubuta su.

Su kansu Turawan ba su haƙura da jiran ba. A Janairu 1946 dubban ma'aikatan rundunar sama ta Ingila da ke Indiya suka yi yajin aiki saboda jinkirin sallama. A Fabrairu sojojin ruwan Indiya suka yi bore a Bombay, ya bazu zuwa Karachi da sauran tashoshi, wannan kuwa bayan shari'ar da aka fara a Delhi a Nuwamba 1945 ta hafsoshin da suka bi Subhas Chandra Bose ta riga ta tunzura ƙasar. Daga nan Ingila ta gane sandar da take dukan Asiya da ita ta soma tsagewa a hannunta. Ba a yi shekara biyu ba Indiya da Pakistan suka sami 'yanci, a Agusta 1947. Masu cewa Ingila ta ba da 'yanci don karamci sai su bayyana mana yadda karamcin ya zo daidai da ranar da soja ya fara ƙin jin umarni. Da rumbun Indiya ya rufe kuma, ai ba dabarar aka bari ba, wani rumbun aka buɗe. A shekarun 1950 sojojin Gabashin Afirka da na Fiji da Gurkawan Nepal aka kai dajin Malaya.

Akwai masu kare wancan zamani a cikinmu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, don haka ba za mu yi mata tsallaken tsaki ba. Suna cewa da Hitila ya ci, da baƙar fata ya ga tasku, kuma mulkin Japan a Asiya ya fi na Turawa ƙeta. Mun yarda da duka biyun. Amma sharrin Hitila ba ya wanke Surabaya, domin ranar da aka yi wa birnin ruwan wuta Hitila ya fi wata shida da mutuwa. Suna kuma cewa yaƙin ya buɗe wa sojojinmu ido, sun koyo tuƙi da kanikanci da aikin asibiti, sun ga Bature na gudu, sun ga Bature na kuka. Haka ne. Sai dai wanda ya faɗa rijiya ya fito da guga ba ya gode wa wanda ya tura shi. Game da 'yancin da aka ce an yi yaƙin dominsa kuwa, ba mu muka ƙaryata shi ba. A Agusta 1941 Chachil da Rusbelt suka fitar da takardar da ta yi alkawarin kowace al'umma za ta zaɓi masu mulkinta, a watan Satumba Chachil ya tashi a majalisar Ingila ya bayyana cewa mutanen Turai da ke ƙarƙashin Jamus ake nufi, ban da talakawan daular Ingila. Mai abu ya faɗi iyakar abinsa tun da wuri, mu ne muke ta ƙara masa abin da bai ce ba.

Ko a kuɗin sallama ma an rubuta matsayin kowa da alƙalami. Wata takardar gwamnatin Ingila da aka tono a 2019, game da rundunonin Gabashin Afirka, ta nuna farabiti Bature ana ba shi sule 10 a kan kowane wata da ya yi yana aiki, farabiti baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Harsashi bai tambayi launin kowa ba, akawu ne ya tambaya. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka da Asiya, waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a majalisa. Wanda kuma ya dawo ya nemi haƙƙinsa ya ga abin da ya gani. A Thiaroye kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944, Faransa ta buɗe wa nata tsofaffin sojojin wuta don sun nemi albashinsu, sai a 2024 shugabanta ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. A Ankara ta Gana, ran 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka ɗauki takardar koke za su kai wa Gwamna, wani Baturen ɗan sanda ya harbe uku, Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Daga wannan jini ne guguwar da ta kai Nkrumah ga mulki ta taso.

Mu fa, me muka ajiye? Sunayen barikoki. Akwai Chindit a Zariya, akwai Dalet a Kaduna, akwai Myohaung da Arakan a Ikko, akwai kuma Dodan, inda aka mulki ƙasar nan shekara da shekaru. A tambayi ɗalibi ma'anar Dodan, sai ya ce ai dodo ne na tatsuniya, alhali sunan wani fagen fama ne a Burma. Mun riƙe sunayen wuraren da aka kai mu, mun yar da sunayen waɗanda aka kai. Can a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu akwai 'yan Nijeriya. Wace jami'a ce a Arewa ta taɓa tura ko da ɗalibi ɗaya ya kwafo su?

A nan ne ƙorafinmu ya dawo gida, kan marubuta da manazarta adabi, wato mu da ku masu karanta wannan mujalla. Magabata ba su yi shiru ba. Malam Sa'adu Zungur, ɗan wannan tsohon lardi namu, ya tari sojojin da waƙarsa ta Maraba da Soja, kuma duk wanda ya karanta ta da idon basira ya san ba maraba kaɗai ke cikinta ba, maganar 'yanci ce aka naɗe cikin tabarmar maraba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a 1939, ta cika shafukanta da labaran yaƙin, ko da yake da idon Gwamnati ta duba shi, don haka ma ta cancanci a yi mata karatun ƙwaƙwaf. Bayan su fa? Littattafan ƙagaggun labarai na Hausa sun kai dubbai tun daga shekarun 1980, amma da ƙyar mai nema zai sami wanda ya ɗauki ɗan Burma ya sa shi a tsakiyar labari. Sai da Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan, ya rubuta Burma Boy da Turanci a 2007, sojojin cikinsa suna magana da Hausa, mu masu Hausar muna kallo. Abin takaici ma shi ne babu wata al'umma a Afirka da ta kai mu shaƙuwa da Indiya. Mun aro rawarta, mun aro waƙarta, mun aro yadda saurayi ke zagaya itace yana bin budurwa. Indiyar da kakanninmu suka taka da ƙafarsu, suka yi salla a masallatanta, suka ga talaucin da ya ba su mamaki a ƙasar da Bature ya yi kusan shekara 200 yana mulka, ita ce ba mu aro ba.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba waƙar yabo muke nema ba, masu jawabi sun ishe mu da ita. Ba kuma tsinuwa muke nema ba, irin ta masu zama a inuwa su kira tsohon soja karen Nasara, alhali kakansu ne ya rubuta sunansa a takardar hakimi. Abin da adabi ke iyawa, wanda jawabi ba ya iyawa, shi ne ya shiga cikin kakin ya zauna. Me ke zuciyar kurtun da ya ɗaga bindiga a Burmi ya hango rawani irin na mahaifinsa? Me saja ɗan Nafada yake tunani a sansanin Madras, wata na tara bayan an ce yaƙi ya ƙare, yana jin labarin cewa Indiyawan da suka yi fama tare a Arakan suna can suna harbin masu kabbara? Da an ce da shi gobe sai Jawa, zai je? Wace magana ta shiga tsakanin wanda ya dawo da akwatin ƙarfe da lambar girma, da dagacin da ya miƙa shi, da matar da ta gaji da jira? Ga wasan kwaikwayo, ga gajeren labari, ga waƙa mai ƙwar biyar, duk suna kwance a ƙasa babu mai ɗauka, mu kuwa muna ta juya labarin kishiya da uwar miji kamar waina.

Lokaci kuma ba ya jiranmu yadda su suka jira jirgi. Yaron da aka ɗauka yana ɗan shekara 18 a 1943, in yana raye, ya kai shekara 100. Bakin da ya ga abin ya kusa rufewa gaba ɗaya, saura 'ya'ya da jikoki da abin da suka ji a zaure, da kuma akwatunan da ke ƙarƙashin gado a Jekadafari da Bolari da Tudun Wada da Herwagana, da Billiri da Tula da Dukku, masu ɗauke da littafin sallama da lambobin da suka yi tsatsa da hotunan da gara ta fara ci. Kowane littafin sallama yana ɗauke da lambar mutum da bataliyarsa da ranar da aka sallame shi, kuma wannan rana ta ƙarshe ita ce shaidar da muke nema. Ɗaliban aji huɗu da ke yawon neman batun kundin digiri, har su ƙare a nazarin karin magana karo na ɗari, su ɗauki rakoda su shiga unguwa kafin hutun damina. Sashe kuma ya ware musu kuɗin mota zuwa Bajoga.